Maƙwabcina da Ya Tuɓe Kaki: Musayar Waƙa

Mushe na Bagalam

Salamu alaikum 'yan uwa, daga mushe, wato malamin makaranta. Jiya bayan la'asar fanfon unguwarmu ta Bagalam, nan Maraɗi, ya sake kawo ruwa, bayan wata biyu 'yan garuwa na ninka mana kuɗin jarka. Wanda ya bi takardun, ya tara kuɗin gyara gida-gida, maƙwabcina ne, tsohon kwamishinan 'yan sanda da ya yi ritaya. Ba zan faɗi sunansa ba, don ya ce in na faɗa ya daina shan shayina. Ga abin da ya zo mini da dare. Mai amsa ya amsa.

Bismillahi na ɗau alƙalami,
In yi batun wani mai ilimi,
Ba ɗan sarki ba, ba malami,
Maƙwabcina da ya tuɓe kaki.

Tun muna yara a lakwal ɗinmu,
Benci ɗaya ne ya haɗa mu,
Konkur ya zo, shi ya raba mu,
Na ɗau alli, shi ya ɗau kulki.

Ya tafi Yamai gidan horo,
Gudun asuba da cizon sauro,
Ya shiga can yana ɗan yaro,
Ya fito ya san nauyin aiki.

Agadas ta ba shi ƙura da sanyi,
Gaya ta ba shi farautar ɓarayi,
Difa ta hana shi zaman shayi,
A 2015 da Komadugu ta ga yaƙi.

Har Haiti ya je da shuɗiyar hula,
Bayan girgizar 2010 mai wahala,
Ya dawo bai zo da tarin dala,
Gidan ubansa ya ƙara wa ɗaki.

Galo bisa galo ya hau kafaɗa,
Yau a tabarma yake ɓarar gyaɗa,
Miji da mata in sun yi faɗa,
Nan za su fara kafin gun sarki.

Wata biyu unguwa babu ruwa,
Ya ɗau littafi ya bi gidan kowa,
Bai yi umarni ba, bai yi tsawa,
Jiya fanfo ya zubo, muka yi wanki.

Ɗan Kabu-kabu na Sabon Gari

Baba Mushe, ina gaisuwa. Waƙa ta yi daɗi, amma a bar wanda rana ke duka a titi shi ma ya ce tasa. Na riƙe amsa-amonka, ban saki ba.

Baba Mushe na ji yabonka,
Allah ya ja kwanan maƙwabcinka,
Amma ka ba ni aron kunnenka,
In faɗi abin da ke cina a ciki.

Ran wata Laraba na ɗau fasinja,
Ban yi gudu ba, ban ci danja,
Sai ga usur, aka ce in ja,
Gefe guda in taka birki.

Permi na nuna, kartagiris na nuna,
Asiransi ma ga ta da suna,
Ya dubi ƙasa, ya dubi rana,
Ya ce madubina ne ba kirki.

Kwana uku moto na can a ɗaure,
Gida ba gero, yara a takure,
Jaka biyar na bayar a zaure,
Ba rasit, ba hatimi, sai tsaki.

To Baba ga tambayar da nake yi,
Sa'ad da galon ke da nauyi,
Yana ofis mai iska da sanyi,
Wa ke tsawata wa masu kulki?

Gyaran fanfo bayan ritaya,
Lada ne Baba, wannan gaskiya,
Ni dai da ya gyara mana hanya,
Tun sa'ad da yake da mulki.

Ɗiyar Kaki

Ƙanena mai moto, Allah ya mayar maka da alheri. Ban zo kare wanda ya ci jakarka biyar ba. Ni a gidan kaki aka haife ni, mahaifina ya kai kwamishina kafin Allah ya karɓi abinsa. Na sauya amsa-amo, don nawa kukan daban ne.

Firamare aji shida ce, kowa ya sani,
Ni a gari huɗu na yi ta, ba inda na zauna.

Tasawa, Konni, Dosso, sannan Arlit,
Duk inda takarda ta ce, can ne garin ubana.

Ran Idi yara na riƙe da hannun iyaye,
Namu yana bakin fili, tsaye a cikin rana.

Waya in ta yi ƙara tsakar dare ya fita,
Inna ta ja carbi, ta yi sallama da kwana.

Wata shekara, jibi Layya, wani Alhaji ya aiko,
Rago fari mai ƙaho, aka ɗaure shi kan idona.

Ashe ɗansa na tsare a kwamisariya tun jiya,
Baba ya dawo ya gan shi, ya kira ni da wana.

Ya ce ku ja shi ku mayar, ku ce na gode ƙwarai,
Rago yana turjiya, ni ina share hawayena.

Shekarar bunsuru muka yanka, maƙwabta na dariya,
Inna ta soya da yaji, har yau yana bakina.

Ran da ya rasu, cikin masu ɗaukar makara,
Har da ɗan Alhajin nan, ya faɗa a gabana.

Ɗalibin Tawa

Gaisuwa ga iyaye da yayye. Ni ɗan Zariya ne, ta nan Maraɗi ba ta Najeriya ba, ina karatun shari'a a jami'ar Tawa. Baiti ba fagena ba ne, a yi mini haƙuri in fara da zance.

Yaya mai moto, duk tarar da babu rasit, ba tara ba ce, aljihu ta shiga. Kuma in an tsare mutum don bincike, awa 48 doka ta ba su, ƙari sai da izinin mai shigar da ƙara na gwamnati. Mutanenmu da yawa ba su san wannan ba, sai su yi ta kai tuwo kwana da kwanaki suna godiya. Sannan maganarka ta a gyara tun ana da mulki ta yi nauyi, don manyan 'yan sandanmu ba kwamisariya kaɗai suke riƙewa ba. Issoufou Yacouba, ɗan Nijar, ya shugabanci 'yan sandan Majalisar Ɗinkin Duniya a Mali. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 kuma, babban jami'in 'yan sanda ne, Issoufou Mamane, aka naɗa gwamnan jihar Maraɗi. Tsanin da ya fara daga mai usur a mahaɗa, ga inda yake kaiwa.

Ka nemi rasit ko za a harare ka,
Ka riƙe rana da wurin da aka tare ka,
Na sama ba ya jin abin da ya same ka,
In ka biya ka tafi kana gunaguni.

Bagobirin Tibiri

Ɗan makaranta, baitinka na ɗingishi kamar jakin 'yan itace, amma maganarka ta miƙe. Kakana dogari ne a fadar Tibiri, don haka nima ina da ta cewa. Ku Katsinawan birni ku matsa in zamna.

Ku 'yan birni kuna kukan tara,
Mu shanunmu ne anka kora,
Dare ɗaya garke babu saura,
Sai turke da igiya bakin gari.

A 2019 munka ga baƙi,
Daga Sakkwato, Zamfara, gudun yaƙi,
Gidan Rumji ta buɗe ɗaki,
Munka raba gero da ɗan gishiri.

Akwai wani babba da anka kawo,
Bai zamna ofis ba, shina yawo,
Gidan mai gari shika cin tuwo,
Lambarshi na bango, babu sirri.

Biyun dare in ka kira shi ɗauka,
Ko da ana tsakar ruwan malka,
Mota ta kahe, su taho cikin laka,
Wani bi a samu, wani bi haƙuri.

Da anka ɗauke shi anka kawo wani,
Lambarshi ma ba wanda ya sani,
Sai ran taro a kujera mu gani,
Galo iri ɗaya, hali iri-iri.

Wanda ke shakkar baƙin nan ya bi ta Garin Kaka, ko Ɗan Daji Makau, ko Cadakori, inda anka zaunar da su. Lambar da na ce kuwa da gawayi anka rubuta ta jikin masallaci, damina biyu ta wanke ta.

Hajiya Mai Goro

Ni ban iya dogon baiti ba, 'ya'yana, goro nake sayarwa a babbar kasuwa, jikata ce ke rubuta mini. Amma duk kun yi mantuwa.

Kun cika fili da zancen maza,
Kun mance kaki akwai na mata.

'Yar tallana wani ƙato ya mara,
Ya watsar da goro, ya yage zanenta.

Na je kwamisariya gabana na faɗuwa,
Aka ce ga ofis, ki shiga ki same ta.

Sashen kare yara da mata ne,
Galo a kafaɗa, lalle a yatsunta.

Ta zaunar da yarinya ta ba ta ruwa,
Ba ta ɗau biro ba sai da kuka ya bar ta.

Dangin ƙato suka zo da dattawa,
Wai a kashe magana, a rufa asirinta.

Ta ce kuɗin goro ku shirya a gida,
Zancen mari kuwa, alƙali zai ji ta.

Mushe na Bagalam

Madalla da ku duka. Ni na tayar da ƙurar, don haka na ga bai kamata in ci naman mutum ko da na yabo ne a bayan idonsa ba. Na ɗauki wayata na same shi gindin dogon yaro.

Jiya na kai masa duk na karanta,
Ta Hajiya ya ce a maimaita,
Ta mai rago ya ce ya san irinta,
Da na zo taka, ɗana, ya kame baki.

Shayi ya huce bai kurɓa ba,
Ya ce yaron nan bai yi ƙarya ba,
Ba zan ce ban taɓa sani ba,
Labari na iso ni har wurin aiki.

Wasu na hukunta, wasu na tura,
Wani mai uwa a murhu ya tsira,
Ya dawo galonsa an ƙara,
Ya ƙame ya sara, na haɗiye tsaki.

Wasu kuwa ni na kau da ido,
Su ke hana ni barci a gado,
Galon da kuke gani kamar ado,
Akwai dauɗar da ta fi ƙarfin wanki.

Shekara hamsin ina tare da mutumin nan, ban taɓa jin wannan daga bakinsa ba. Da na san haka waƙata za ta jawo, wataƙila da na tsaya kan fanfo. Ɗana mai moto, ya ce ka zo gobe bayan la'asar. Ka tuno rana da mahaɗar da aka tare ka, zai zauna da kai ku rubuta takardar ƙara, ya nuna maka ƙofar da ake kai ta. Bai yi alkawarin jaka biyar za ta dawo ba.

Ɗan Kabu-kabu na Sabon Gari

Baba ka ce masa ina nan tafe,
Zan jingine moto daga gefe,
Permi da kartagiris tun da safe,
Na sa su aljihu, kusa da jiki.

Madubi ma na sayo sabo,
Don kar ido ya tuna da sabo,
In shayin nan ina da rabo,
Na ukun nake so, shi ya fi zaƙi.