Kuskuren bugu ne ko rauni ne daga baya?

Garba_Tsaba: Assalamu alaikum masana. Don Allah yaya ake bambance tsabar kuɗin da ta fito da aibi tun daga gidan buga kuɗi da wadda ta ji rauni a hannun mutane? Musamman layin da ke ratsa fuska, rubutun da ya fito biyu-biyu, da bakin da ya gutsure.

Mai_Sikeli: Wa alaikumus salam, Malam Garba. Hatimin da ke buga tsaba a juye yake: abin da ya lotsa a jikinsa shi ke tasowa a jikin kuɗi. Don haka in hatimi ya tsage, ƙarfe ya cika tsagar, layin zai fito a tashe. Karce kuwa rami ne, da ƙarfen da aka ture a gefensa. Sa madubi mai ƙara girma ninki 10, ka haska fitila ɗaya daga gefe kana juya kuɗin, don hasken sama yana ɓoye zurfi.

In wani yanki na hatimin ya ɓalle ta baki, za ka ga dunƙulen ƙarfe marar zane, kuma daidai wurin ta baya zanen ya dushe, saboda matsi bai kai can ba. In bayan garau yake, zargi ɗigon dalma.

Hajiya_Sulalla: Batun rubutu biyu-biyu nan ne aka fi yaudarar kai. Na gaskiya a jikin hatimin yake tun ranar ƙera shi, shi ya sa duk tsabar da ya buga iri ɗaya take fitowa: haruffa sun yi kauri, layi biyun duk a tashe, ƙarshen harafi a rabe. Wani rukuni na sentin Amurka (ƙaramar tsabarsu) na 1955 shi ne sanannen misali, ko ba madubi ana gani. Ɗayan kuwa hatimi ne ya yi motsi lokacin bugu ya goge gefen harafin, sai ya bar shi a shafe kamar matakala, harafin ya sirance. Irin wannan yana da yawa, masu tara tsaba ba sa ƙara masa daraja.

Mai_Sikeli: Gaskiya ne, Hajiya. Gutsure kuma, na asali tun wajen yanko faifan ƙarfen da za a buga ya zama kuɗi yake faruwa. Zane yana dushewa a hankali zuwa wurin, kuma sau da yawa bakin da ke fuskantarsa ta ɗaya ɓangaren bai tashi sosai ba. Aikin magagari ko almakashi yana barin kaifi da ƙyalli.

Sai awo, da sikeli mai nuna 0.01 na giram. Sentin Amurka na jan ƙarfe giram 3.11 ne, na zinki mai rufin jan ƙarfe da aka fara a 1982 giram 2.5. In nauyi ya ragu, kuɗin ya sirance, fuska duk ta zaizaye, yawanci asid ne ya ci shi.

Hajiya_Sulalla: Irin na zinkin nan yakan yi bororo a ƙarƙashin rufi, ƙaramin aibi ne, kuma da ya fashe zinkin ke fara ruɓewa. Don Allah Malam Garba kada ka goge, ko da ƙyalle ne. Riƙe ta gefe, ka ajiye a ledar da ba ta PVC (wani nau'in roba) ba, don ta PVC ke barin koren danƙo. In ya riga ya kama, tsoma a tsantsar asiton (sinadari mai narkar da danƙo) ka bari ya bushe da kansa.