Ƙanena zai shiga kwas ɗin diro da lema, yaya haɗarinsa yake?

Maman Ilham:
Assalamu alaikum. An zaɓi ƙanena ya je Jaji kwas ɗin diro da lema daga jirgin sama. Shi sai murna yake, Innarmu kuwa tun da ta ji labari barci ya ƙaurace mata. Ni ma hankalina bai kwanta ba, don ina tuna bidiyon gwajin bikin 'yancin kai na 2022 a Abuja, da sojoji suka riƙa sauka kan bishiyoyi da allunan talla. Don Allah wanda ya san aikin ya faɗa min gaskiya: in lemar ta ƙi buɗewa fa?

Tsohon Saje:
Wa alaikumus salam Hajiya. Kowa da wannan tambayar yake farawa, amma ba a nan aka fi jin ciwo ba. Sabon shiga ba shi ke buɗe lemarsa ba. Akwai igiya da yake maƙalawa a wata waya cikin jirgi, yana fita ƙofa nauyinsa zai ja ta, ita ta fizgo lemar daga jaka. Zai ƙirga daƙiƙoƙi, ya ɗaga kai ya duba. In ya ga ta yage ko ba ta cika ba, ga ta biyu nan ɗaure a cikinsa, sai ya ja hannunta.

Ƙasa ita ce ke karya mutane. Zagayayyiyar lemar soja ba a tuƙa ta yadda ake so, kuma tana sauko da kai kamar mita shida ko bakwai a daƙiƙa, wato kamar ka diro daga katangar gida, ga bindiga ga jaka. Shi ya sa ake shafe kwanaki ana koyon faɗuwa kawai: ƙafafu da gwiwoyi a haɗe, ka dira da tafin ƙafa, ka bi da sha-raɓa, cinya, ɗuwawu, sai gefen baya, ka mirgine. Mai tsoro yakan zuba wa ƙasa ido ya miƙa ƙafa ɗaya yana lalubenta. Wani abokina haka ya yi, idon sawunsa ya karye, har yau da ɗingishi yake zuwa masallaci.

Akwai kuma abin da ba a cika faɗa wa iyali ba. Mutum biyu sukan sarƙe a sama, ko na ƙasa ya tare wa na samansa iska, lemar na saman ta lanƙwashe. Wani lokacin igiyar jirgin takan naɗe hannun mutum in bai miƙa ta daidai ba, ko ya maƙale jirgi na jansa a waje, sai an jawo shi ciki ko a yanke igiyar ya buɗe ta biyu.

Ɗan Damagaram:
Baba Saje ya gama magana, ni iska kawai zan ƙara. Sojan Amurka ba sa diron atisaye in iskar ƙasa ta wuce kimanin kilomita 24 a awa. A Maris na 1982 rundunarsu ta 82 ta yi babban diro a hamadar Fort Irwin ta Kalifoniya, iska ta taso, lemomi suka riƙa jan mutane a ƙasa. Shida suka mutu, sama da 150 suka ji rauni. A yaƙi kuma wani abin ne daban. A tsibirin Sisili na Italiya, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, daren 11 ga Yuli 1943, 'yan uwansu ne suka ɗauka jiragen abokan gaba ne, suka harbo 23 daga cikin jiragen Amurka 144 da ke ɗauke da sojan lema. Amma fa ana yi a sauka lafiya: a Janairun 2013 sojan Faransa sun diro da dare kusa da Tumbutu.

Maman Ilham:
Na gode Baba, na gode Malam. Wannan na Sisili dai ba zan kai wa Inna ba. To akwai abin da shi zai iya yi wa kansa?

Tsohon Saje:
Ya fara gudu tun yanzu, ya ƙarfafa ƙafafunsa, in yana da tumbi ya rage, don mai nauyi ya fi saurin saukowa. In yana da tsohon targaɗe kada ya ɓoye wa likita saboda kwaɗayin bajon fiffike, yara da yawa suna yin wannan wautar. Ya ɗaure hular kwano tam, domin bugun ƙeya ya fi karaya muni. In ya sauka iska na jansa, ya ɓalle maƙalin kafaɗa ɗaya nan take, lemar za ta sace. Inna kuma ki ce mata ba za a sa shi a jirgi ba sai ya diro daga hasumiyar gwaji har malamansa sun gamsu.