Musayar Waƙa: Hakim Olajuwon, daga Sakkwato zuwa Hiyuston

Ɗan Gidaɗawa: Salamu alaikum 'yan zaure. Yau ƙwar biyu ce, amsa-amo "wa".

Da sunan Allah za ni buɗe bakina,
Hakim Olajuwon nika son yabawa.

Legas ce mahaifa, ba mu ja da wannan,
Sakkwato ce tauraro yay yi fitowa.

Ƙwallon hannu yaz zo bugawa garin ga,
Anka ce dogo, ga kwando, zo gwadawa.

Ga wanda bai sani ba: Hakim ɗan ƙwallon kwando ne da ya buga wa ƙungiyar Rockets ta Hiyuston a NBA, babbar gasar Amurka. An haife shi a 1963. Yana ɗan shekara 15 makarantarsu ta zo gasar wasannin kwalejojin horon malamai a nan Sakkwato, aka roƙi koci ya sa shi cikin 'yan ƙwallon kwando. Kafin nan har gola ya yi a ƙwallon ƙafa.

Na-Mabera:

Ni gwanina Maikal Jodan ne, ɗan wasan Chicago Bulls.

Gidaɗawa, sassauta kurin banza,
Baƙon gasa ba ya zam ɗan Sakkwatawa.

In gwani kaka so, ga Jodan can,
Kofi shida, zauna ka yi ƙirgawa.

Naka biyu ɗai, su ma sai da Jodan
Yab bar fili, kana yas sam ɗagawa.

Ɗan Gidaɗawa:

Na-Mabera, kai labari kaj ji a shago,
Ba ka ga wasa ba, kana ta zubawa.

A 1984 wa anka fara kira?
Hakim na ɗaya, Jodan na uku ga jerawa.

Ɗan Gidaɗawa: Zaɓen sabbin 'yan wasan NBA nika nufi. Ban gama ba, ƙanena.

Jodan ya dawo kamin kofi na biyu,
Orlando ce tay yi mashi korawa.

Orlandon nan, da Shak a gabanta,
Huɗu ba ko ɗaya Rockets tay yi sharewa.

'Yar Runjin Sambo: Wallahi Yaya ka gama da shi! Na-Mabera a sha ruwa a kwanta.

Ku riƙe kofi, ni azumi nika dubi,
Baki bushe, ga gudu ga tsallakawa.

Fabrairun 95 cikin Ramalana,
Shi ag gwanin wata, ba mai musantawa.

Takalmin sunanai dala 35 ne a da,
Don ɗan talaka shi sami abin sakawa.

Malamin Gawon Nama: Ku dakata. Gidaɗawa, rera ɗangon nan naka da ƙarfi: "A dubu ɗaya da ɗari tara da tamanin da huɗu wa anka fara kira." Numfashi ya ƙare ɗango bai ƙare ba. Wane kari ne wannan? Ba mutaƙarabi ba, ba kamili ba. Ke ma ɗiyata, baitinki na takalmi yana ɗingishi.

Ɗan Gidaɗawa: Allah shi gafarta Malam, "tamanin da huɗu" ake rerawa, kowa ya san haka.

Malam, awon waƙa yana ga kunne,
Ba a kan allo aka yin gwadawa.

Malamin Gawon Nama: Ko da tamanin da huɗun, baitin ya fi 'yan'uwansa tsawo. Kuma "gwadawa" ka maimaita, ka riga ka kashe ta a baitinka na uku.

Mai waƙar baka na da kalangu,
Rubutacciya aruli ka tsarewa.

Na-Mabera: Faɗa masa gaskiya, Malam! Ni baitocina lafiya lau suke.

'Yar Runjin Sambo: Kai da ka ce "ga Jodan can" ka bar ɗango guntu? Malam bai gani ba ne don ɗalibinsa ne kai.

Malamin Gawon Nama: Na gani. Shi ma ya karye. Ba ni da ɗan lele a nan.

Baban Arkilla: Sai yau na samu data, na tarar kun bar Hakim kuna faɗan gaɓoɓi. A 1994 shi kaɗai ya haɗa gwarzon shekara, gwarzon tsaron baya da gwarzon wasan ƙarshe. A wasa na shida na zagayen ƙarshe da Knicks ta Niyok, yatsunsa ne suka taɓa ƙwallon ɗan wasansu Starks ana dab da tashi, ba don haka ba kofin ya tafi Niyok. Ƙwallo 3,830 ya kaɗe kafin ya yi ritaya a 2002, har yau ba wanda ya kamo shi a NBA. Amma ga abin da ke cina:

Zinaren Olympics, Atlanta 96, na tuna,
Tutar Amurka ce anka yi ɗagawa.

Dogayen yara na nan Arkilla,
Wa ka kai su fili, wa ka koyawa?

Na-Mabera: Baba, ka ƙarfafa ni.

Ɗan Sakkwatonku ya zama Ba'amurke,
Gidaɗawa, mi kaka shirin cewa?

Ɗan Gidaɗawa: Batun yara na karɓa, Baba. Kai kuwa Na-Mabera, jira ni bayan Isha'i, ƙwar biyar zan zo maka da ita, Malam ya auna.

Malamin Gawon Nama: Ka zo da ita. Shekarun ka bar su a wajen baiti.