Waƙoƙin taron Disamba: wanne za mu ɗauka?

Saratu: Salama, jama'a. Kwayarmu ta ɗaliban jami'a a nan Jos za ta yi taron waƙoƙi a Disamba, an ɗora mini tsara abin da za mu rera. Mata sun fi yawa sosai, masu murya ta uku (teno) kuwa ba su kai rabin masu ta ɗaya (sofrano) ba. A taimaka da shawara.

Baba Ishaya: 'Yata, ku fara da Ave verum corpus, waƙar Latin ta Mozart. A 1791 ya rubuta ta, watanni kaɗan kafin rasuwarsa. Gajeriya ce, ba ta kai kowa ƙarshen muryarsa, amma nan take za ki gane wanda bai iya riƙe numfashi ba. Ku rera ta a hankali, kada kowa ya ɗaga murya sama da ɗan'uwansa.

Bulus: Disamba babu Hallelujah ta Handel? Baba, ai ita mutane ke zuwa ji, har a miƙe tsaye.

Baba Ishaya: Haka ne, Bulus, amma dubi mutanen da take da su. Akwai wurin da kowace murya ke shigowa da nata layin: bas, sai teno, sai alto, sai sofrano. In teno ba su da yawa, kowa zai ji ramin. A cikin Messiah, babban aikin Handel da Hallelujah ta fito daga ciki, akwai And the glory of the Lord, wadda alto ke buɗewa. Ita ta fi dacewa da su bana.

Anti Rifkatu: Ni abin da ke damuna daban ne. Yaranmu su sha wahalar Latin wata uku, in an zo kan ta Hausa sai a ce ai kowa ya iya. Dubi masu tsara waƙa na Najeriya: Ayo Bankole ya yi wa Yarbanci hidima, Laz Ekwueme ya yi wa harshen Ibo, suna sa karin waƙa ya bi hawa da saukar magana. Mu fa? Saratu, je wurin zumuntar mata, ki ɗauko waƙar da ake bayarwa ana amsawa. Amshin a raba shi murya huɗu, mai bayarwa a bar ta da salonta. A ajiye piyano, a kawo tulu da caki. Kafin ku sa solfa, wato rubutun kari na do-re-mi, ku karanta kalmomin da baki, duk inda kari ya karya kalma ku gyara karin.

Bulus: Wannan kam na yarda, Anti. A sa ta ƙarshe, jama'a su amsa tare da ku. Ku tuna hunturu ne, a tanadi ruwan ɗumi.

Saratu: Na gode ƙwarai. Anti, ranar Asabar zan zo mu je wurin matan tare. Baba, in kuna da takardar Mozart ɗin a solfa, don Allah a turo mini.