Wai mura mai tsanani tana iya jawo shanyewar ɓarin jiki?

Maman Ilham:
Salam 'yan uwa, dan Allah masu sani ku fitar da ni duhu. Babanmu ne, shekararsa 58, mura ta kama shi cikin hunturun nan, zazzaɓi da tari har numfashi ya gagara aka kwantar da shi kwana shida da robar oksijin a hanci, an sallamo mu muna ta murna, kwana huɗu da dawowa da asuba yana alwala buta ta suɓuce daga hannunsa na dama, baki ya karkace, magana kamar ya cika baki da tuwo. Likita ya ce gudan jini ne ya toshe jijiya a ƙwaƙwalwa, wai ciwon ƙirjin ne sila. Ina ruwan huhu da ƙwaƙwalwa? Ba shi da hawan jini fa. Gwaggo kuma ta dage iska ce.

Ɗan Kurmi:
Subhanallah. Allah ya ba Baba lafiya, ya sa kaffara ne. Ku dai ku bi maganar likita.

Sista Nas:
Wa alaikis salam. Gaskiya likitan ya faɗa miki. In ƙwayar cuta ta yi wa mutum mugun kamu jiki yakan tashi faɗa, kumburin nan ba a huhu kaɗai yake tsayawa ba, yana taɓa bangon jijiyoyin jini ta ciki sai jinin ya riƙa saurin daskarewa, ga zazzaɓi ya ƙone ruwan jiki, ga kwanciya kwana da kwanaki ba motsi, wani ma zuciyarsa ce za ta rikice da bugu gudan jini ya taru a ciki ya ɓalle ya haura sama. Lokacin korona aka fi ganin abin ƙarara, a Afrilun 2020 likitocin asibitin Mount Sinai a New York sun ba da rahoton mutum 5 'yan ƙasa da shekara 50 da babbar jijiyar ƙwaƙwalwa ta toshe musu. Mura mai zafi ma tana yi, musamman makonnin farko. Shi ya sa muke yi wa wasu na kwance allurar Clexane, mai hana jini daskarewa, a fatar ciki, dangi suna ta tambaya wai ta mece ce. Mai sikila da mai suga su sai an ƙara sa ido.

Abu Sadik:
To Sista in haka ne ba sai mutum ya jefa asfirin da ya ga alama ba?

Sista Nas:
A'a wlh kar ka soma! Wani toshewa ce, wani jijiya ce ta fashe, a ido duk ɗaya suke sai an yi hoton ƙwaƙwalwa na CT, in fashewa ce asfirin ƙara zubar jinin zai yi. Ko ruwa kar a ɗura masa, haɗiya takan lalace ya shaƙe. A duba agogo a ruga asibiti, allurar narkar da gudan jini cikin awa huɗu da rabi da fara alamun ake yinta, in ma akwai ta.

Maman Ilham:
Innalillahi. Mu sai bayan azahar muka kai shi, ana ta tofi da hayaƙi, har kunu Gwaggo ta ba shi ya ƙware. Yanzu dai an fara masa gashi, jiya ya ɗan motsa babban yatsa. Sista sau nawa ya kamata a riƙa juya shi a gado?