RAM da Hausa: memori, ƙwaƙwalwa, ko me?

Mai sitidiyo a Jekadafari, Gombe:
Salamu alaikum. Ina koya wa yara haɗa kiɗa a kwamfuta da manhajar FL Studio, da Hausa nake musu bayani. Windows da macOS na ce musu "uwar manhaja", nan take suka kama. RAM ce ta gagare ni. Da na ce memori, sai yaro ya zaro katin wayarsa ya nuna min. Me za mu kira ta?

Mai gyaran kwamfuta a Wunti, Bauchi:
Oga, ka ce ƙwaƙwalwa ka huta.

Mai sitidiyo:
Ƙwaƙwalwa ai furosesa ce, ita ke lissafi. RAM riƙo kawai take yi.

Wani malamin Hausa:
Ma'adana fa?

Mai gyara:
Allah gafarta Malam, ma'adana SSD ce, wato faifan ajiyar kwamfuta, can waƙa take kwana. Abin da ke RAM kuwa, kwamfuta na mutuwa ya tafi. Tambayi wanda aka ɗauke wa wuta bai adana aikinsa ba.

Malamin Hausa:
To, ku duba ɗan kasuwa. Kayansa na sito, amma wanda zai sayar yau sai ya baza a shimfiɗa, da yamma ya naɗe. Ku ce "shimfiɗa".

Mai sitidiyo:
Malam, ta zauna daram! Ka ɗora fiyano daga Kontakt, manhajar sautukan kayan kiɗa, daga ma'adana ake kwaso sautukan a baza su nan. Ka ƙara kalangu, ƙara goge, ga muryoyin 'yan amshi. Shimfiɗar giga 8 ta cika, kiɗa ya fara sarƙewa. Ni dai giga 16 nake ba kowa shawara.

Mai gyara:
Sai dai a duba uwar ma. Windows mai 32-bit ba ta ganin sama da giga 4, ko nawa ka cusa mata. Mac kuma, tun fitowar furosesar M1 a 2020 RAM ɗinta a manne take, ba a ƙari bayan saye. Mai son manhajar kiɗa ta Logic Pro a kwamfuta dole Mac, sai ya yi lissafinsa tun kafin ya biya kuɗi. FL Studio kam tun 2018 tana hawa dukansu biyun.

Malamin Hausa:
Shi ke nan, a aji shimfiɗa.

Mai gyara:
A aji dai, Malam. In an zo kasuwa a ce ram, kada a turo min yaro wajen masu tabarma.