"Mai neman kuka, an jefe shi da kashin awaki": ta dace da Sarki Henry na Ingila?

Ɗan Birni: Jama'a, a aji malaminmu ya jefa wannan karin maganar kan Sarki Henry na Takwas, wanda ya raba Ingila da Fafaroma a 1534. Wai da ma yana neman hanyar ɓallewa, ƙin raba aurensa da Katarina ta Aragon da Fafaroma ya yi ya zama hujja kawai. Haka ne?

Malamin Tarihi: Ƙanena, malaminku ya yi gaggawa. Ana faɗin maganar nan ga wanda tuni ya shirya rigima, sai ƙaramin abu ya ba shi dalili. Henry kuwa a 1521 littafi ya rubuta yana caccakar Martin Luther, malamin cocin Jamus da ya bijire wa Fafaroma, har Fafaroma Leo na Goma ya naɗa masa laƙabin Mai Kare Addini. Wannan ne mai neman ɓallewa? Kuma abin da ya same shi ba ƙarami ba ne. Ya auri Katarina a 1509, shekaru suka ja, 'ya'ya suna ta mutuwa, Mary kaɗai ta rayu. Mahaifinsa da takobi ya ci sarauta a 1485 bayan dogon yaƙin 'yan gida. Sarkin da ba shi da magaji namiji a irin wannan ƙasa ba ya barci.

Hajiya Babba: Malam, ka tsallake Anne Boleyn, wadda Henry ya aura bayan Katarina. Da ba ta shiga idonsa ba, yaushe zai tuna cewa Katarina matar marigayi wansa Arthur ce? Kusan shekara ashirin yana zaune da ita, sai da ya ga yarinya sannan auren ya zama haram! Ni dai na ce ta dace.

Malamin Tarihi: Hajiya, ban musa ba, amma wannan ai "ruwa ba ya tsami banza" ce. Abin da ya nema shi ne a ce auren tun farko bai ɗauru ba, kuma a Rum ya nema, ta hannun babban wazirinsa, Kadinal Wolsey. Fafaroma Clement na Bakwai ne hannunsa ke ɗaure. A 1527 sojojin Sarki Charles na Biyar, mai mulkin Sifen da Jamus, sun wawashe birnin Rum, Katarina kuwa ƙanwar mahaifiyar Charles ce. Ta yaya Fafaroma zai wulakanta ta? Aka yi ta jan ƙafa, Wolsey ya rasa kujerarsa a 1529, ya mutu a 1530 ana hanyar kai shi Landan bisa zargin cin amanar ƙasa.

Baba Na Tudu: Ku matsar da karin maganar daga kan sarki, ku ɗora ta kan na kusa da shi, za ta zauna daram. Thomas Cromwell, na hannun daman sarki bayan Wolsey, shi ya shirya dokar 1533 da ta hana kai ƙara Rum. Thomas Cranmer, da ma zuciyarsa na tare da masu neman gyaran coci, yana zama babban limamin Canterbury, wato babban limamin Ingila, ya warware auren a watan Mayun shekarar. Ga kuma dukiyar gidajen 'yan zuhudu, filaye da azurfa, da aka kwashe tsakanin 1536 da 1540. Waɗannan su ne masu neman kuka, rikicin auren ne kashin awakinsu.

Ɗan Birni: Baba, to su waɗanda suka ƙi fa?

Baba Na Tudu: Ɗana, Thomas More, tsohon wazirin sarki, da Bishof John Fisher sun ƙi yarda sarki ne shugaban coci, aka sare kawunansu a 1535. Ita kanta Anne, mace ta haifa, Elizabeth, aka sare nata a 1536. Cromwell ya bi su a 1540.

Hajiya Babba: Ban sauka daga kan bakata ba, Baba. Cromwell bawa ne, abin da ubangidansa ke so shi yake dafawa. Malam, kawo mini dalili ɗaya da zai sa in yarda cewa da Katarina ta haifi namiji ya rayu, Henry ba zai kalli Anne ba.

Malamin Tarihi: Zai kalle ta, Hajiya. Amma ba zai aure ta ba, kuma ba zai taɓa Fafaroma ba.